Yadda Ake Haɗa Laftof da Talabijin, Hoto Ya Fito Sauti Ya Biyo

Kwana uku bayan bikin ƙanwarmu, mai ɗaukar bidiyo ya aiko da aikinsa a filashi. Aka soka a bayan talabijin ɗin falo, ya ce bai san wannan fayil ba. Hajiya da su Gwaggo sun riga sun baje a tabarma suna jira, sai na tura ƙanena kasuwa ya sayo wayar HDMI, don mu kunna daga kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof. Ya dawo da gudu, ya durƙusa yana ta kici-kici, can ya ɗago ya ce, "Yaya, wayar nan fa ba ta shiga." Na karɓa na duba. Laifin ba na wayar ba ne, ba kuma nasa ba. Ni ne na aike shi ban juya kwamfutar na kalli gefenta ba. Ramin da na ɗauka HDMI ne, ashe DisplayPort ne. Ranar ba a kalli bidiyon ba sai bayan la'asar.

Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni wace waya zai saya, amsata ɗaya ce: kar ka sayi komai tukuna. Aikin nan kusan duka a wajen duba ramuka yake ƙarewa. In ka san abin da ke gefen kwamfutarka da abin da ke bayan talabijin ɗinka, saura bai wuce minti biyar ba.

Fara da gefen kwamfutar

Ɗauko ta ka kai ta inda akwai haske, ka dubi gefen dama da na hagu, har da baya in tsohuwa ce.

HDMI rami ne mai faɗi, ya ɗan fi na USB, kusurwoyinsa biyu na ƙasa a yanke suke, kuma galibi an rubuta sunansa a kusa. In ka same shi, ka huta. Tun 2002 aka fito da shi, kuma abin da ya sa ya ture sauran shi ne waya ɗaya ke ɗaukar hoto da sauti tare. Wasu ƙananan kwamfutoci suna da ƙannensa, Mini HDMI ko Micro HDMI. Aikinsu ɗaya ne, bakin ne kawai ƙarami, sai ka nemi waya mai ƙaramin kai a gefe ɗaya, babba a ɗaya gefen.

DisplayPort shi ne mai yaudarar. Daga nesa kamar HDMI, amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, ɗayar a miƙe take, kuma a gefensa za ka ga alama mai kama da harafin D da P a cikinsa. Na daɗe a kansa ne saboda irin kwamfutocin da suka cika hannun mutanenmu, na hannu da ake shigowa da su bayan ofisoshin Turai da Amurka sun gama da su. HP EliteBook 840 daga G1 har G4, da Folio 9470m, da 8470p, duk ba su da HDMI. DisplayPort da VGA gare su. Sai daga G5 aka sa wa 840 ɗin HDMI. ThinkPad T440 da T450 kuma Mini DisplayPort gare su, ɗan ƙaramin rami mai kusan murabba'i. Mai irin waɗannan ba shi da matsala ko kaɗan, abin da zai nema shi ne waya ko adafta daga DisplayPort zuwa HDMI, kuma sauti zai bi ta cikinta kamar yadda yake bi ta HDMI. Kar dai ka tura kan HDMI da ƙarfi don ka ga ya kusa shiga. Ba zai shiga ba, sai dai ka fasa ramin.

USB-C shi ne ɗan siririn nan mai zagayayyen baki irin na cajar wayoyin salula na yanzu. Nan ma akwai tarko: ba kowane USB-C ke fitar da hoto ba. Wani caji da kwashe fayil kawai ya iya. In ka ga alamar walƙiya ta Thunderbolt a gefensa, ko alamar D ɗin nan ta DisplayPort, yana fitarwa. In babu wata alama, rubuta cikakken sunan kwamfutar a intanet ka karanta bayanin da kamfanin ya yi a kan ramukanta kafin ka fitar da kuɗi. Masu MacBook Air na 2018 zuwa sama, da MacBook Pro na 2016 zuwa 2020, ta wannan hanyar za su bi, kuma nasu yana fitar da hoto. A 2021 ne Apple ya dawo da HDMI a kan manyan MacBook Pro masu inci 14 da 16.

VGA kowa ya san shi ko bai san sunansa ba: mai ƙananan huji 15 a layi uku, sau da yawa shuɗi, wayarsa da kusoshi biyu na murɗawa. Tsoho ne tukuf, IBM ya fito da shi a 1987. Yana ba da hoto, amma ba ya ɗaukar sauti ko ƙwayar zarra. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

USB na yau da kullum kuwa, wanda ake soka filashi, ba ya cikin lissafi. Na sha ganin an sayo waya mai kan USB gefe biyu an haɗa kwamfuta da talabijin ana jiran hoto. Ba zai zo ba. USB ɗin talabijin na karanta filashi ne.

Yanzu leƙa bayan talabijin. Kusan duk shafaffen talabijin yana da HDMI guda biyu ko uku, an sa musu lamba. Riƙe lambar wanda za ka yi amfani da shi. In ka ga an rubuta ARC ko eARC a kan ɗaya, shi ne aka tanada don mayar da sauti zuwa manyan lasifikoki, to bar musu shi in kana da su. Ɗauki hoton ramukan biyu da wayarka ta salula, na kwamfuta da na talabijin. Da hoton nan za ka tafi kasuwa, ko Farm Centre ne ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja. Ya fi ka tsaya kana kwatance da hannu. In da hali ma ka tafi da kwamfutar a gwada a gabanka.

Wayar da za ka saya

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa mai saye ba: hoto kamar ruwan kwata yake, gangare ɗaya yake bi, daga kwamfuta zuwa talabijin. Wayar HDMI zalla ba ruwanta, ko ta ina ka soka daidai ne. Amma duk abin da ke sauya wani nau'i zuwa wani yana da gaba da baya. Mai sauya HDMI zuwa VGA daban, mai sauya VGA zuwa HDMI daban, ko da a ido kamar tagwaye suke. Sunan farko a jikin kwalin shi ne na kwamfutarka, na biyu na talabijin. Haka wayar DisplayPort zuwa HDMI, ba ta aiki a juye. Wannan ne kuma dalilin da ba za ka iya jona dikoda ko PlayStation a HDMI ɗin laftof ka mayar da ita talabijin ba. Ramin nata na fitarwa ne, ba na shigarwa ba.

Batun tsada, kar a ruɗe ka da kai mai ruwan zinare. Saƙon HDMI na lambobi ne, ko ya isa ko bai isa ba, waya mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau. Wadda aka rubuta "High Speed" ta wadatar da kallon 1080, wato hoto mai kaifi irin na HD. In talabijin ɗinka 4K ne, wato mai hoton da ya fi 1080 kaifi, kuma kana son cin moriyarsa, nemi "Premium High Speed". Sai dai araha ba ta ado: siririyar nan mara nauyi da kanta ke girgiɗi, wata biyu za ta fara ɗauke hoto. Tsawo ma yana da tasiri. Mita 2 zuwa 3 ya ishi falo. Har mita 5 ba a cika samun damuwa ba. Da an doshi mita 10 zuwa sama, hoto kan fara ƙyalƙyali ko ya riƙa ɗaukewa, sai an nemi waya mai ƙarfafa saƙo a cikinta.

Haɗawa

A takarda, HDMI an yi shi ne a soka a zare ko da na'urori na kunne. A gidajenmu ni ban yarda da wannan ba. Gida nawa ne aka ja wa wayar ƙasa ta tsaro yadda ya kamata? In ka taɓa shafa bayan talabijin ko jikin laftof mai ƙarfe ka ji yana ɗan tsikarinka, to wutar nan da ke yawo ita ce ke bi ta waya ta ƙone ramin HDMI. Gyaransa kuwa sai an buɗe na'ura an taɓa allon ciki. Saboda haka kashe talabijin daga soket, cire cajar kwamfuta, ka soka wayar gefe biyu a hankali har ta zauna, sannan ka mayar da wuta. In za ka sa caja, jona ta a istanshan ɗaya da talabijin. Kuma kar ka yi wannan aikin daidai lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta.

Kunna talabijin, ka ɗauki rimot. Nemi maɓallin "Source" ko "Input". A wasu rimot ɗin ba rubutu, zanen akwati ne da kibiya tana shiga ciki. Zaɓi HDMI mai lambar da ka riƙe. Rabin masu cewa "ya ƙi yi" a nan suka maƙale, sun soka a HDMI 2 suna kallon HDMI 1.

Yawanci daga nan fuskar kwamfutar za ta ɗan ƙifta, sai ga ta a talabijin. In shiru, danna maɓallin Windows, mai zanen taga, tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito. "PC screen only" kwamfuta kaɗai ke nan. "Duplicate" abin da ke nan shi ne can. "Extend" yana mayar da talabijin ƙarin fili, ka ja bidiyo ka kai can, kai kuma kana wani aiki a nan. "Second screen only" yana kashe fuskar kwamfutar ya bar talabijin.

Don kallon fim, ni na ƙarshen nake zaɓa. Dalili shi ne, a "Duplicate" dole fuskokin biyu su daidaita a kan ƙarfin hoto ɗaya, kuma ƙaramin ake bi. Laftof da yawa na hannu 1366 sau 768 ne, to ko talabijin ɗinka 1920 sau 1080 ne, zai sauko ya bi ta, hoto ya yi dishi-dishi. Mai koyarwa ko mai gabatar da jawabi kuwa "Extend" ya fi masa, don PowerPoint zai nuna wa jama'a shafin, shi kuma yana ganin bayanansa a gabansa. Akwai kuma rufin asiri a ciki: saƙon WhatsApp ɗinka ba zai faɗo a gaban surukai ba. In ka zaɓi "Extend" ka ga talabijin ya nuna hoton bango kawai babu komai, ba lalacewa ba ce. Ja tagar bidiyon zuwa gefen dama har ta fice daga fuskar kwamfutar, za ta ɓullo can.

A Mac, shiga "System Settings", sannan "Displays", a nan za ka zaɓi ko ya kwafi fuskar ko ya zama ƙari.

Kana son rufe murfin kwamfutar ka ajiye ta a gefe? In ba ka gyara ba, da ka rufe za ta yi barci. Buɗe "Control Panel", shiga "Power Options", a hagu akwai "Choose what closing the lid does", ka mayar da shi "Do nothing". Ka tuna ka dawo da shi bayan kallo, in ba haka ba wata rana za ka jefa ta a jaka tana kunne ta dafe da zafi. Kuma kar a ɗora ta a kan katifa ko kafet, musamman a watan Afrilu. Ramukan iskarta galibi a ƙasa suke.

In hoton bai zauna daidai ba

Danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a fili a fuskar kwamfuta, zaɓi "Display settings". Za ka ga akwatuna masu lamba 1 da 2. Taɓa na talabijin, ka gangara zuwa "Display resolution", ka zaɓi wanda aka rubuta "Recommended" a gabansa. In rubutu ya yi ƙanana daga inda kake zaune, ƙara "Scale" zuwa 150.

Wani lokaci gefen hoton ne ke yankewa, ka nemi layin ƙasa na Windows ka ga rabinsa ya shige. Wannan gadon zamanin talabijin mai ƙeya ne, lokacin da ake ɗan faɗaɗa hoto don a ɓoye dattin gefe. Daga rimot ake gyara shi, ba daga kwamfuta ba. Shiga saitin hoto, wajen girmansa. A Samsung sunansa "Screen Fit" ko "Fit to Screen", a LG "Just Scan". A sauran, nemi "Overscan" ka kashe.

Mai talabijin 4K kuma zai iya jin linzamin kwamfuta ya yi nauyi, yana tafiya kamar mai jan ƙafa. HDMI ɗin tsofaffin kwamfutoci sigar 1.4 ce, a 4K hoto 30 kawai take iya turawa a daƙiƙa. Sai sigar 2.0 ta 2013 ke kai 60. Sauke shi zuwa 1920 sau 1080, komai zai saki. Mai wasan ƙwallo a kwamfuta ya kunna "Game Mode" a talabijin, zai rage jinkirin da ke tsakanin dannawa da gani.

Sauti, inda aka fi shan wahala

Hoto ya fito tangaran a babban allo, amma murya na fitowa daga ɗan lasifikan kwamfuta kamar kukan sauro. Ko ma shiru gaba ɗaya. Ba wayar ba ce. Windows na ɗaukar talabijin a matsayin wani lasifika na daban, kuma ba kullum take komawa kansa da kanta ba, sai ka nuna mata.

A Windows 10, taɓa alamar lasifika kusa da agogo, sannan ka taɓa sunan da ke saman layin ƙara murya, jerin zai buɗe. A Windows 11, bayan ka taɓa alamar, akwai ɗan maɓalli a ƙarshen layin ƙara muryar, shi za ka danna. Nemi sunan talabijin ɗinka. Wani lokaci zai fito ɓaro-ɓaro kamar "SAMSUNG" ko "LG TV", wani lokaci kuma wasu haruffa da lambobi ne tare da "Intel Display Audio", ko AMD, ko NVIDIA. Duk wanda ba "Speakers" ba, gwada shi.

In bai fito a jerin ba, danna Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna "Enter". A shafin "Playback", danna dama a fili, ka sa alama a "Show Disabled Devices". Sau da yawa za ka ga talabijin ya ɓullo a dusashe. Danna dama a kansa, "Enable", sannan "Set as Default Device". In har yanzu babu shi, to direban hoto ne, wato manhajar da ke tuƙa sashen hoto na kwamfutar. Abin mamaki, sautin HDMI ta hannunsa yake bi, ba ta hannun direban sauti ba. Wannan na yawan faruwa ga kwamfutar da aka yi wa sabuwar Windows a shago aka miƙo ba a ƙarasa sa mata direbobi ba. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka sauke direban hoto na ainihin samfurinta, ka sake kunna ta da wayar a jone.

Kafin duk wannan ma, duba abin kunya: muryar talabijin ba a sifiri take ba? Ba a danna "Mute" ba? Ba a bar iyafis a soke ba? Manhajar da ka buɗe kafin ka sauya lasifika ma kan liƙe wa tsohon, sai ka rufe ta ka sake buɗewa. A VLC, manhajar kunna bidiyo, ba sai ka rufe ba, shiga "Audio", sannan "Audio Device", ka zaɓa. Kuma in talabijin ɗin tsoho ne mai ramin da aka rubuta HDMI/DVI, koma ɗayan ramin, don wannan kan jira sauti daga wata waya dabam.

A Mac, shiga "System Settings", "Sound", sannan "Output". Kar ka yi mamaki in maɓallan ƙara murya sun daina aiki, da rimot za ka ƙara.

Mai VGA, ga inda muka ce za mu dawo. Dole sai waya ta biyu, mai kai irin na iyafis gefe biyu, wadda ake ce wa 3.5. Ɗaya a ramin iyafis na kwamfuta, ɗaya a ɗan ramin da ke kusa da VGA a bayan talabijin, an rubuta "PC Audio In" ko makamancinsa. A rimot kuma "PC" ko "RGB" za ka zaɓa. A nan sautin kwamfuta zai zauna a kan "Speakers" ko "Headphones". In talabijin ba shi da VGA, sai mai sauya VGA zuwa HDMI, wanda ke zuwa da wutsiyoyi biyu, ɗaya na ramin iyafis, ɗaya na USB don ya sha wuta. Ka manta na USB, ba hoto. Ka manta na iyafis, ba murya.

Gaskiya lasifikan shafaffen talabijin ba wani abin kirki ba ne. In kana da rediyo mai manyan lasifikoki, waya mai kan 3.5 a gefe ɗaya, ja da fari a ɗaya gefen, za ta kai sauti can kai tsaye, hoto kuma ya bi HDMI. In ka ji wani gurnani yana tashi "zuuu" a ƙarƙashin sautin, zare cajar kwamfutar ka saurara. Ya ɗauke? To daga wuta ne. Mayar da caja da rediyo kan istanshan ɗaya, ko ka yi kallon da batir, ko ka nemi ɗan abin tace gurnani da ake sa wa a tsakiyar wayar.

Sai matsalar baki ya motsa, magana ta zo daga baya. Lasifikan Bluetooth ne suka fi jawo ta. A VLC na Windows, harafin J da K suna ja da sauti gaba ko baya, kowace dannawa kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa. Riƙa dannawa kana kallon leɓen mai magana har su haɗu.

Talabijin mai ƙeya

Shi ma yana yi. Mai ramuka uku, ruwan ɗorawa da ja da fari, yana buƙatar ɗan akwatin da ke sauya HDMI zuwa AV, wato waɗannan ramuka ukun. Yana shan wuta ta USB, kuma a gefensa akwai makunni mai PAL da NTSC. Sa shi a PAL, shi ne tsarin da talabijin ɗin Najeriya ke bi. In hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima, makunnin nan za ka fara dubawa. Kar ka sa rai da yawa: fim zai kallu, amma ƙananan rubutu ba za su karantu ba. Netflix da ire-irensa ma kan nuna baƙin allo ta irin waɗannan akwatuna, saboda kariyar hana kwafi da ake kira HDCP, alhali bidiyon da ke cikin kwamfutarka yana fita lafiya.

Ba tare da waya ba

In talabijin ɗinka mai shiga intanet ne, ana iya tura masa hoto ta iska. Buɗe wajen karɓar a talabijin tukuna: "Screen Share" a LG, "Screen Mirroring" a Samsung, "Anyview Cast" ko "Screen Sharing" a Hisense. A kwamfuta kunna Wi-Fi, ka danna Windows da K, ka zaɓi sunan talabijin, sannan ka amince da rimot in ya tambaya. Wannan tsarin, Miracast, na'urorin biyu ne ke magana kai tsaye, ba ya cin data in bidiyon yana cikin kwamfutarka.

Talabijin mai Android TV ko Google TV kuwa ya fi jin yaren Chromecast. Sai kwamfuta da talabijin suna kan Wi-Fi ɗaya, ko da wanda ka buɗe daga wayarka ta salula ne. Buɗe Chrome, manhajar shiga intanet, taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka nemi "Cast". Mac kuma AirPlay yake amfani da shi, kuma Samsung da LG da Sony da yawa na 'yan shekarun nan suna karɓa.

Ra'ayina dai, ta iska ta yi kyau don nuna hotuna ko shafukan jawabi. Don fim mai tsawo ko ƙwallo, waya ta fi. Ta iska akwai jinkiri, akwai sarƙewa, kuma daidai lokacin da za a buga fanareti take yankewa. Mai kallo daga intanet kuma ya sa ido a kan datarsa, domin babban allo na sa mutum ya ɗaga ingancin hoto. Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta HD na iya cin gigabait 3, ta 4K har 7.

In har yanzu "No Signal" yake nunawa

Bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ka sauya abu biyu lokaci guda, don ka gane mai laifin. Sake duba lambar HDMI. Zare wayar ka mayar, ka tabbata ta shige har ƙarshe. Talabijin da aka manna a bango yakan lanƙwasa kan wayar. Haska ramin da tocila, ƙurar hunturu na taruwa a ciki, ka share da busasshen buroshi na'urar tana kashe, ban da allura ko tsinken ƙarfe. Danna Windows da P ka tabbata ba a "PC screen only" take ba. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, allon zai ƙifta, direban hoto ya farfaɗo. Koma wani ramin HDMI ɗin. Cire talabijin daga soket na minti ɗaya, ba kashewa da rimot kawai ba.

Daga nan sai gwajin raba gardama. Ɗauki wayar ka haɗa dikoda da talabijin a wannan ramin. In ya nuna, waya da talabijin sun fita, saura kwamfuta ko adafta. In bai nuna ba, ari wayar maƙwabci. In da wayar maƙwabcin ma rami ɗaya ya ƙi alhali sauran suna yi, wannan ramin ya ƙone, ka bar shi ka yi amfani da ɗan'uwansa.

Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana tsawa, zare wayar HDMI daga kwamfutar ko da ba kallo kake ba. Wutar aradu kan biyo wayar dish ta shiga dikoda, daga dikoda ta bi HDMI zuwa talabijin, kuma duk abin da ke jone da talabijin a lokacin yana kan hanyarta.